Madalla da Dabangg 2, Gwanin Ɗumame

Jama'ar Daura, ku taya ni jinjina wa masu shirya finafinan Indiya, domin sun yi mana abin da ya fi ƙarfin godiya. Duk wanda ya saba tsayawa a shagon masu tura fim, daga cikin gari har Mai'adua da Zango, ya san kayan Salman Khan ba sa kwantai. Matasa kan miƙa waya ko memori su ce a zuba musu na faɗa mai ban dariya, kuma in an haɗa da kashi na biyu ya fi. To ga maigidan da ke tambaya ko Dabangg 2 ya cancanci ya cire kuɗinsa ya kai wa iyali, amsa ita ce: ƙwarai kuwa, har ma ya makara!

Falalar farko ita ce tausayi. Fim ɗin farko ya fito a 2010 ƙarƙashin darakta Abhinav Kashyap, ya gabatar da Salman Khan a matsayin ɗan sanda Chulbul Pandey, mai gashin baki, mai rataya tabarau a bayan wuyan riga. Da aka zo na biyu a Disambar 2012, sai Arbaaz Khan, ƙanen jarumin, ya karɓi aikin darakta, ya dubi talaka ya ji tausayinsa. Ya ga ba daidai ba ne a wahalar da ƙwaƙwalwar mutumin da ya wuni a gona ko a kasuwa da sabon labari. Sai ya ɗauko Chulbul ɗin nan da tabaransa, ya mayar da shi birnin Kanpur, ya ajiye masa Sonakshi Sinha a matsayin matarsa Rajjo, ya cire Sonu Sood daga kujerar bos ya ɗora Prakash Raj. Shi ke nan, aiki ya kammala. Tuwon jiya ne aka ɗumama aka sayar da kuɗin sabo, kuma wa ya isa ya raina ɗumame? Kana iya tashi ka yi alwala, ka yi sallar isha'i a masallacin unguwa, ka tsaya gaisawa da maƙwabta, ka dawo ba ka rasa komai ba. Ina fim ɗin da ya kai wannan mutunta lokacin mai kallo?

Falala ta biyu ilimi ne. Malaman kimiyya sun daɗe suna ruɗa yaranmu da cewa abin da aka jefa sama dole ya faɗo ƙasa nan take. A nan yaro zai gani da idonsa cewa naushi ɗaya kan ɗaga ƙato ya yi ta shawagi a iska, mutum guda ya tarwatsa taron 'yan daba gashin kansa bai motsa ba. In faɗa ya yi faɗa, riga ta sauka, kamar dai yadda ta sauka a kashi na ɗaya, don kada wani ya yi zargin an tauye masa haƙƙi.

Sai babbar falala, wato tarbiyya. Mu da muke kuka da shingayen hanya da na goro, ga shi an kawo mana gwarzon da ya dace da mu: ɗan sanda mai ƙwace kuɗin ɓarayi ya zuba a aljihu, ya kira kansa mai taimakon talakawa, a tafa masa. A wannan kashi ya karya wuyan ƙanen bos a wurin ɗaurin aure, a ƙarshe kuma ya gama da bos ɗin da hannunsa. Ba alƙali, ba lauya, ba shaida. An huta da zaryar kotu! Yaron da ke mafarkin sa kaki zai tashi ya san cewa mai bindiga shi ne doka, matuƙar ya iya zolaya da rawa da bel ɗin wandonsa. Kuma tunda fim ɗin barkwanci ne, an tanadi wurin da ake tunkuɗo mace mai ciki daga matakala har ta yi ɓari. Sai a tara yara a tsakar gida bayan cin abincin dare, a sha dariya.

Kada a manta da rawar Kareena Kapoor, wadda aka cusa a tsakiyar fim ba tare da ta haɗa komai da labarin ba. Wannan dama ce ta motsa jiki ga maigida: ya zabura neman rimot, uwargida ta tuna ta bar tukunya a wuta, suruka ta sunkuyar da kai. Gida ya ɗauki rai.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Tun bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, masana'antarmu ta Kano ta gano daɗin abin: a yanka labari guda gida biyu, a tsaya daidai inda hankali ya tashi, a ce mu haɗu a kashi na biyu, mai saye ya sake biya. Indiyawan kuwa da suka ga kasuwa ta karɓa, sai suka ƙaro Dabangg 3 a 2019. Ashe magabatanmu ne ba su iya ciniki ba. Bayajidda ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu sau ɗaya tak, mutane suka samu ruwa, Daurama ta aure shi, labari ya wuce zuwa Bawo da Hausa Bakwai. Da a hannun waɗannan gwanaye yake, da macijiyar ta farfaɗo da ƙanenta, a sake sare ta duk bayan shekara biyu, kowane sara da kuɗinsa.

Yabo ya isa haka, ga magana tsirararta. Maigida, Dabangg 2 bai cancanci kuɗinka ba, bai kuma cancanci zama a wayar ɗanka ba. Labarinsa maimaici ne, dariyarsa ba ta kai ta rufe zaluncin da yake ƙawatawa ba, kuma akwai wuraren da ba za ka so ka kalla tare da 'ya'yanka ba. Nishaɗi ba laifi ba ne, amma abin da ya shiga gida amana ce a wuyanka. Kafin ka bari a tura wa iyalinka kowane fim, ka fara kallonsa kai kaɗai. Ku kuma 'yan'uwa masu shagunan turi a Daura da kewaye, ku ji tsoron Allah ku riƙa duba shekarun yaron da ya miƙo muku memori kafin ku cika masa shi.