Suyar Cincin ta Sallah da Matsayin Kaka a Cikinta

Suyar cincin ta Sallah aiki ne da ake yi a gidajen Hausawa cikin goman ƙarshe na watan azumi, domin ranar 1 ga Shawwal ta tarar da gida da abin tarbar baƙi. A Babbar Sallah, 10 ga Zulhijja, nama ne ke da fada, cincin ɗan rakiya ne kawai. Kayan haɗinsa sanannu ne: fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, gyaɗar ƙamshi, ɗan gishiri da bekin foda, waɗanda mutumin Kano kan auno a Kasuwar Singa yana salati saboda tsada. Ma'aikatansa kashi uku ne. Akwai matar gida mai kwaɓi da suya, akwai yara masu yanka, sai kaka, wadda ba ta taɓa kasko, amma babu abin da ke faɗawa cikin mai sai da izininta.

Rigimar farko a wurin awo take. Matar gida ta ɗauko tsarinta daga YouTube, inda ake lissafi da giram da ƙaramin cokali. Kaka kuwa mudu ta sani, da gwangwanin madara, da tafin hannu, ga shi mudun ma na wannan kasuwa ba ya daidai da na waccan. Daga kan tabarmarta takan leƙa roba ta ce, "Ƙara sukari, 'yar nan, ba magani ake kwaɓawa ba." Kunyar surukuta ta tanadi amsa ɗaya tak, wato "To, Hajiya." Illar ita ce sukari na saurin ƙonewa a mai mai zafi, don haka ƙullun da ya sha sukari fiye da kima yakan yi baƙi a waje tun cikinsa bai soyu ba. Idan hakan ta faru, kaka kan bayyana cewa wutar ce ta yi yawa. Idan aka rage wutar, cincin ya sha mai ya yi laƙwas, sai ta bayyana cewa fulawar yanzu ce ba ta da albarka.

Sai batun ɗanɗano. Malaman Malikiyya sun karhanta wa mai azumi ɗanɗana abinci, don haka gidan da ke kwaɓi da rana yakan naɗa wani jika da azumi bai hau kansa ba ya zama alƙali. Yawanci shi ne wanda ya sha ruwa da azahar, bisa alkawarin kaka cewa za ta ɗinke masa rabin yau da rabin gobe su zama azumi guda. Wannan alƙali bai taɓa yanke wa ƙullu hukuncin rashin daɗi ba, ko da an zuba gishiri sau biyu, ɗaya daga uwarsa, ɗaya daga kakarsa lokacin da uwar ta tashi sallar la'asar. Gaskiya ba ta fitowa sai an kira magariba, lokacin an riga an soye rabi.

Tsakanin faranti da bokiti akwai wata asara da ba a sa ta a lissafin cefane. Tushenta wasan jika da kaka ne. A al'ada kaka mace kan kira jikanta namiji "mijina", mace kuma "kishiyata", kuma ba a taɓa jin matar kirki ta bar mijinta da yunwa ba. Uwa ta kori yaro daga bakin murhu, ya zagaya ta bayan kaka, ya fito da aljihu yana naso. In uwar ta ɗaga murya, sai a tuna mata cewa uban yaron ma haka ya yi, ga shi ya girma lafiya. Kaka namiji ya fi iya taku. Likita ya hana shi zaƙi saboda ciwon suga, shi ya sa ba ya zuwa kusa da madafa, sai dai bayan asham ya aiki "amaryarsa" jikarsa 'yar shekara biyar ta karɓo wa kanta, har sau uku.

Kek ɗin da ake gasawa tare da cincin ya fi shi saurin tona asiri. A tandar lantarki yana son zafi kusan digiri 180, kuma sanannen abu ne cewa an fi ɗauke wuta daidai lokacin da ya fara tashi. Daga nan sai a koma tsohuwar dabara: a zuba yashi a gindin tukunya, a jera gwangwanaye a kai, a ɗora garwashi bisa murfi. Dabarar tana aiki, muddin ba a yawan buɗewa, domin kek da iska ta buge shi kafin ya ƙame yakan lotsa a tsakiya. Kaka takan buɗe don ta duba, jika ya buɗe don ya ga abin da kaka ta duba. Sakamakon yakan ba ta damar karatun da take yi duk shekara, cewa a zamaninsu alkaki da nakiya ake yi, kayan gara na gaske, masu yin watanni a kwalla ba su canza ba.

Abin da ya tsira ana juye shi a bokiti mai murfi a tura ƙarƙashin gadon kaka, bisa hujjar cewa ɗakinta ne yara ke jin nauyin shiga. Ba a san wanda ya fara kawo wannan hujja ba, amma ana kyautata zaton jika ne.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, rabo na bin daraja. Mai kyau na sama na dangin maigida ne da manyan baƙi, na tsakiya na yara 'yan yawon Sallah, ƙonannen ƙasa da mai karya haƙori kuma a lulluɓe shi da ɗan mai kyau a aika wa maƙwabta. Su ma maƙwabtan haka suke yi, kuma da yake ba a mayar da kwano fanko, abin da aka kawo daga wani gida da shi ake cika kwanon wani. Kafin Hawan Daushe, ba abin mamaki ba ne cincin ya zaga unguwa ya dawo gidan da aka soya shi. Kaka takan gutsura, ta yamutsa fuska, ta ce matan gidan Malam maƙwabcinsu har yau ba su iya suya ba. Surukarta, wadda ta gane suyar hannunta, takan ce, "Wallahi kuwa, Hajiya."