Motata Lafiyarta Ƙalau

Magidanci zai iya yarda a gaban jama'a cewa ɗansa ba ya jin magana. Zai iya yarda kasuwa ta juya masa baya, har ya faɗi yawan bashin da ake bin sa. Amma ka ce motarsa ba ta da lafiya, to ka taɓo inda ba a taɓawa. Duk mai son jin gaskiyar wata mota kafin ya saya, kada ya ɓata lokacinsa wurin mai ita. Ya dai zauna a majalisa bayan la'asar ya kasa kunne, in bai san motocin ba, zai san masu su.

Dattijon majalisa shi ne mai Peugeot 504. Galibi tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Motarsa ta fito daga masana'antar harhaɗa motoci ta Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, zamanin da kwamishina da babban sakatare da direban tasha duk ita suke hawa. Da bashin mota na ofis ya saye ta, sabuwa fil, kujeru cikin leda. Wannan ledar ce makaminsa. "Ku yaran yanzu, wa ya taɓa ɓare ledar mota a cikinku? Duk kwance kuke hawa, abin da Bature ya gaji da shi." A nan kam gaskiyarsa ce, shi ya sa ba a tanka masa. Zai ƙwanƙwasa ƙofar motar da bayan yatsa don ka ji amon ƙarfe, sannan ya ja ka wurin ta maƙwabci, ya danna bamba har ta lotsa, ya ce, "Ka gani? Roba." Labarinsa guda ne: ranar da ya taso daga Maiduguri bayan asuba ya yi azahar a Kano ba tare da ya buɗe bonet ba. Kowace shekara tafiyar tana ƙara gajarta. A bana an kai ga cewa hantsi ya yi masa a Wudil.

Abin da ba a faɗa a gabansa shi ne, rabon Fijon nan da kwalta tun kafin bikin autarsa. Tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, a kan bulo huɗu, tayoyin suna ɗaki don kada rana ta busar da su, kaza kuwa ta riga ta ƙyanƙyashe sau biyu a kujerar baya. 'Yan gwangwan sun zo taya ta, ya bi su da sanda. "Kafireto ne kawai," in ji shi. "Da an wanke shi, bugu ɗaya za ta tashi."

Kusa da shi akwai ɗan ɗariƙar Toyota. A wurinsa Corolla asusun ajiya ce mai taya huɗu. Ya haddace cewa tun 1966 ake ƙera ta, kuma zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya, yana kuma maimaita wannan adadi ko ana zancen farashin taki. Hujjojinsa ba na banza ba ne: kayan gyaranta birjik a Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma ko a ƙauyen da ba asibiti za ka sami wanda ya iya kwance ta ya ɗaura. Da darajar naira ta zube a 2023, kuɗin tsofaffin motoci ya tashi, sai ya wayi gari motarsa ta fi abin da ya saye ta tsada. Tun daga ranar yake kallon kansa a matsayin ɗan kasuwa. Sau ɗaya ya leƙa wurin dillalai ya tambayi kuɗin wadda zai maye gurbinta da ita, ya dawo gida shiru, bai ƙara tada zancen canji ba. Matsalar dai ita ce dukiya ba a wasa da ita. Motar tana lulluɓe da tamfol, yara ba sa shiga da biskit, ba a zuwa unguwar da ba kwalta. Uwargida takan tafi awo a a-daidaita-sahu don kada lambar tafiya ta ƙaru. An ce motar iyali ce, amma iyalin ta taga suke ganin ta.

Abokin gabarsa mai Honda ne. Na Toyota ya ce, "Motar da tayarta ke durƙusawa a tsakiyar titi?" Na Honda ya ce, "Ni hawan tawa nake yi, kai gadin taka kake yi." Shekara da shekaru ke nan, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Sai gwarzon fage, wanda motarsa ba ta taɓa ba shi matsala ba. Kafin ya buɗe baki za ka gane shi daga inda yake ajiye ta. Ko a masallacin Juma'a, ko a gidan biki, ko a asibiti, zai wuce wuri mai kyau da inuwa ya je ya tsaya can nesa, hancin motar yana kallon gangara. A but akwai galan ɗin ruwa na lagireto, da igiya, da wayar da ake ɗaure salansa in ta saki. Ƙofar direba daga waje ake buɗe ta. Wutar nan ruwan ɗorawa da ke kamawa a gaban sitiyari don ta ce inji na neman a duba shi, ya magance ta tuntuni: ya manna mata baƙin salatif. Tayar da motar kuwa sai shi, don tana da ladubba. A taka totur sau uku, a yi bisimilla, a murɗa makulli, in ta ƙi a fito a ɗan bubbuga kan batir da dutsen da aka tanada a ƙarƙashin kujera. In duk wannan bai yi ba, sai a waiwayi yaran unguwa. Su kuma sun daɗe da gane lokaci. Ƙarfe bakwai saura kwata layin nan ba ka ganin yaro ko ɗaya, hatta masu tallan ƙosai kan canza hanya.

Ka tambaye shi, zai ce, "Wallahi ba abin da take nema. Sai dai ringi. Sai kuma tana ɗan shan baƙin mai. Giya ta biyu ma in ka san hannunta ba ta gardama." Kwanan motar a gareji ya fi kwananta a gida, bakanike ya yi rufin ɗakinsa da kuɗin gyaranta, amma duk wannan sabis ne, ba lalacewa ba. Mai ɗakinsa kan lallaɓa ta ce, "Abban Sadiƙ, ko mu hau a-daidaita ne, kada mu isa an watse?" Ran nan ba za a ci tuwo cikin daɗin rai ba.

Mai Beljiyam shi ma da nasa karatun. Duk motar da ta sauka a Kwatano, in ka bi ta bakin dillali, wata tsohuwar likita ce ta hau ta a Jamus, daga gida sai coci, sai kuma ta rasu. Ban san yawan tsofaffin likitocin Jamus ba, amma in lissafin dillalai gaskiya ne, ba kowa a ƙasar sai su. Motar ta shekara ashirin, lambar tafiyarta kuwa ta motar bara ce, mai ita bai ga abin tambaya a nan ba. Ya bar takardar Jamusancin da ke manne a gilashi, ya adana littafin motar da ba wanda zai iya karantawa a gidan. Makon farko bakanike zai ba shi shawara a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai nan ba ƙasar sanyi ba ce, shi kuma zai amince, injin da ya rayu shekara ashirin da abinsa ya fara sabuwar rayuwa. Tun da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017, wani abu ya ƙaru a cikin kayan motar: jakar takardun kwastan. Ya rantse duti cikakke ne. Duk da haka, da ya hango shinge a hanyar Kaduna, sai hira ta tsaya, a koma salati.

Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, aka haifi wani sabon iri. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. Masu manyan injina da a da suke taka totur a ƙofar majalisa don a ji gurnani, yanzu su ne malaman tsimi. Sanyin mota, in ji su, shi ke kawo mura da ciwon gaɓoɓi, iskar Allah ta fi. A gangara a cire giya. Allurar mai ta tare a kan ja, an kuma gano cewa bayan jan akwai sauran tafiya har Zariya. Wani ya kai an sa masa tukunyar gas a but, yana ta lissafin rarar da yake samu, ranar tafiya gida kuma akwatin Hajiya ya rasa wurin zama, aka ɗora shi a cinyar yara.

Ni dai wanda na fi tausaya wa shi ne mai Sienna ko Sharan. Kamfani ya ce mutum bakwai. Shi a lissafinsa yaron da bai kai shekara goma ba ba ya cikin ƙidaya, na goye kuwa kaya ne. Ba ya zancen gudu, ba ya zancen kyau, yabonsa ɗaya ne: "Tana ɗauka." Ana zuwa ƙauye da Sallah mutum goma sha huɗu, a dawo da su duka, da ƙarin buhun gero biyu, da daddawa, da zabi, da wata gwaggo da za ta ga likita a birni. Bayan motar na shafar ƙasa a kowane tudun rage gudu. To amma ita ce motar ɗaukar amarya a layin, ita ce ta kai mai naƙuda asibiti ƙarfe biyun dare, ita ce ta rakiyar alhazai filin jirgi. Ba wanda ya taɓa tambayar kuɗin shokozoba. Abin da ake zuba masa a tanki shi ne "Allah ya saka da alheri", ya ce amin, ya wuce wurin 'yan bumburutu.

Ba a zama da mata a majalisa, shi ya sa ba a jin ta bakin Hajiya mai Vibe, wadda ta saya da kuɗin adashi. Ba ruwanta da cewa motar tagwaye ce da Toyota Matrix, ko cewa an daina ƙera motocin Pontiac tun 2010. Tambayarta ɗaya: in na murɗa, za ta tashi? Tana da ɗan littafi a jaka inda take rubuta ranar juye, kuma ba ta tsallakewa. Maigida ya raina motar tun ranar da aka kawo ta, ya ce ta 'yan koyo ce. Sau uku a mako yake aron ta. Yakan dawo da ita an tura kujera baya, an canza tashar rediyo, tanki ƙaf.

Gaskiya tana fitowa ne daga bakin mutum ɗaya: wanda ya sayar. Da shaidu sun sa hannu, dillali ya karɓi la'adarsa, kuɗi sun shiga, sai harshe ya warware. Mutumin da ya shekara shida yana rantsuwa da lafiyar motar nan zai miƙe ƙafa a kan benci ya ce, "Kai, Allah ya raba ni da ƙaya! Injin nan sau biyu ana sauke shi. Giyabos ɗin ma na wata motar ne." Daga nan kuma sai ya shiga kaffa-kaffa da hanyoyin da yake bi. In ya hango ta a gefen titi, bonet a buɗe, sabon mai ita yana tsaye da galan a hannu, sai ya ja hula ya rufe goshi, ya ƙara wuta, ya ce wa ɗansa, "Kai, daina ɗaga hannu, ba tamu ba ce."