Farar Shadda da Duhun Fuska

Ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure, al'adarmu a unguwar nan ɗaya ce: a sha farar shadda, a jeru a ƙofar gida da tsakar rana, a miƙa wa yaro waya a ce ɗauke mu. Hoto ya fito riga na ƙyalli, fuskoki kuwa sun yi duhu, har ba ka bambance Alhaji da ƙaninsa. Nan take mu hau waya da faɗa, wai ba ta da kyau.

Ai wayar aikinta ta yi. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne, ta nemi mayar da shi tsaka-tsaki, wani launin toka da masu sana'ar ke ƙiyastawa da kashi 18 cikin 100 na haske. Da ta ga manyan riguna shida farare tas, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta taƙaita lokacin da take buɗe ido. Riga ta daidaita, fuska ta kwana a ciki. Da dare kuma sai ta daɗe ido buɗe, ta ƙara ƙarfin ganinta, wato ISO, shi ya sa hoton kamu ke fitowa da tsaki-tsaki, hannun 'yan rawa ya shafe. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya saita kyamarorinsa don baƙar fata, hakan ya taimaka masa a kasuwar Afirka. To ko su ɗin, rana a bayan mutum tana rikita su.

Ni irin wannan matsala a ɗaukar sauti ta fi ci mini rai, don karatu muke asara. Lokacin tafsirin azumi kowa ya ɗora rikoda ko waya a gindin lasifika, wai nan ne ƙara take. Na'urorin nan da yawa suna daidaita ƙarfin sauti da kansu. Malam ya ɗan tsaya ya numfasa, na'ura ta zaci murya ce ta yi ƙasa, ta ƙara ƙarfi, sai ka ji ƙugin janareto da fanka sun taso sun cika kunne. Mai jan baƙi ya ɗaga murya, ta danne komai, kafin ta farfaɗo kalmomin farko na fassarar Malam sun nutse. Haka muke tura wa tsofaffinmu ta WhatsApp, su yi ta kasa kunne a banza.

Don Allah maƙwabta, gyaran ba ya cin ko kwabo. A shiga inuwar zaure, haske ya fuskanci mutane, a taɓa fuskar mutum a kan gilashin waya kafin a danna. Mai ɗaukar karatu kuma ya matso kusa da Malam, ya nisanci lasifika da janareto, in na'urarsa tana da wurin saita sauti da hannu, ya saita tun kafin a buɗe da addu'a.