"Malam, Ai Na Duba": Ire-iren Ɗalibai a Ranar Gyaran Insha'i

Shekara 11 ke nan ina koyar da Hausa a wata sakandare, kuma har yau ban ga maganar da ke kashe walwalar aji kamar "a sake" ba. Ka ce a rubuta insha'i a kan ranar kasuwar garinmu, kowa zai duƙufa, biro na ta gudu. Ka dawo da takardun bayan kwana biyu ka ce kowa ya gyara nasa, sai fuskoki su turɓune kamar an ce a sake biyan kuɗin jarrabawa. A wannan rana ce halin kowa ke fitowa fili. Ga waɗanda na tantance.

Na farko shi ne Sarkin Gaggawa. Kafin in koma kujerata ya iso da takardarsa. "Malam, ai na duba." In ce me ka gyara? Sai ya nuna mini aya guda da ya ɗiga a ƙarshen shafi, ga shi ya danna ta har ta huda takardar. A wurinsa dubawa ita ce ido ya bi ta kan shafi kamar yadda mai babur ke bi ta gaban masallaci. Shi ne ya rubuta cewa kakansa kullum da safe yana zuwa faɗa, alhali dattijon bafade ne, fada yake zuwa gaisuwa. Lanƙwasa ɗaya ta mai da mutumin kirki ɗan rigima. Maganinsa guda ne: in sa shi ya karanta da ƙarfi a gaban aji. Abin da ido ya tsallake, kunne ba ya yafewa.

Sai Magatakarda. Yawanci yarinya ce mai tsabta, littafinta da bango na leda. Idan aka ce a gyara, sai ta sami sabuwar takarda, ta ja layi da rula, ta kwafe komai cikin rubutu mai kama da na buga littafi. Duk kuskuren da ke tsohuwar takarda ya yi ƙaura zuwa sabuwa lafiya lau, har da wanda na zagaye da jan biro. An yi wa kurakurai wanka, an shafa musu mai, an dawo mini da su. Nakan ce mata, "Ke, ai ba hannunki na ce ki gyara ba, maganarki na ce."

Akwai Mai Buhun Karin Magana. Shi ya ji an ce karin magana gishirin zance ne, sai ya juye kwano guda. Na ce kalma 300, ya kawo 700, kuma rabinsu "masu iya magana na cewa". Sakin layinsa na farko gaisuwa ce ga mai karatu, na biyu godiya ga malami, na uku alkawarin cewa yanzu zai shiga magana gadan-gadan. Kasuwar da aka ce ya siffanta tana can shafi na biyu, ta kusa tashi. Idan na ce ya gyara, ƙari yake ji, don bai taɓa tunanin cewa sokewa ma aiki ne ba. Ranar da na sa shi ya cire jimla goma, sai da ya kalle ni kamar na ce ya yanka ragon layyarsa tun watan Rajab.

Kishiyarsa shi ne Mai Yagewa. Kuskure uku kacal na nuna masa, ƙanana, amma sai in ji kyat, takarda ta zama biyu. Zai sake daga farko, da sabon jigo ma, ya bar kasuwa ya koma wasan ƙwallo. Ga sababbin kurakurai goma, kuma kyakkyawar jimlar nan da ya yi a kan mai kifi da ƙudajensa ta tafi kwandon shara. Garin neman gira an rasa ido. Wannan sai ka fara nuna masa abin da ya yi daidai, ka ce kada ya kuskura ya taɓa nan, sannan ka kai shi inda ke ciwo.

Ga kuma Mai Ganin Jini. Da ya hango jan biro, idonsa ya kawo ruwa. Ba ya karanta abin da na rubuta a gefe, ƙirga ja yake yi, ya leƙa takardar maƙwabcinsa ya ƙirga nasa. Kafin a tashi labari ya zagaya cewa Malam ba ya son sa. Shi nake yawan tuna wa cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Nakan kuma gaya masa cewa Abubakar Imam da kansa, lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce a Zariya, yana da Dokta Rupert East a gefe yana duba aikin. In wannan alƙalami ya yarda a duba shi, kai wane ne?

Lauya kuwa ba ya kuka, shari'a yake buɗewa. "Malam, mu a garinmu haka muke faɗa." Wani lokaci da gaskiyarsa: Basakkwace da ya rubuta "shina zuwa" Hausa ya yi, ingantacciya kuwa, sai dai in bayyana masa cewa takardar WAEC da NECO daidaitacciyar Hausa take nema. Amma yakan kare abin da babu garin da ya taɓa faɗa. Ya haɗe "ta fi" ya mai da ita "tafi", ya ce duk ɗaya ne. Sai na rubuta masa sunan jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, na ce to haɗe su mu gani. Ashe korar gaskiya zai yi, ya aika ta wurin kwabo. Na ƙara masa da cewa tun taron Bamako na 1966 masana ke zama a kan yadda za a daidaita rubutun nan, ba ni na ƙago don in musguna masa ba. Ya yi shiru, amma na san ƙara zai ɗaukaka.

Sabon shiga cikin jerin shi ne Ɗan Waya. Insha'insa na farawa da "slm", yana rubuta "qasa" da "xan je", godiyarsa "ngd". Ranar gyara kuwa sai ya dawo da wani rubutu sumul, mai kalmomin da ko kakansa bai taɓa ji ba. Tambaya ɗaya ke kwance masa zani: "Me kake nufi da wannan jimla?" Sai ya dubi rufin aji, wai ko intanet ɗin na can.

Idan na ce a yi musayar takardu kowa ya duba na ɗan'uwansa, mutum biyu ke bayyana. Ɗaya Ɗan Lumana, wanda ko shafin wofi ka ba shi zai rubuta "ya yi kyau", don mai takardar ne ke saya masa awara. Ɗayan Mahauci, wanda ke soke har abin da ke daidai, ya sa wa "kasuwa" lanƙwasa ta koma "ƙasuwa". Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Tun daga nan na daina cewa a duba kawai. Tambaya biyu nake bayarwa: ina ka fi jin daɗi, ina kuma ka ɓace?

Tunda laifi tudu ne, bari in sauko daga kan nawa. Akwai Malam Jan Biro, kuma na daɗe ina cikin rigarsa. Shi ne mai rubuta "a sake" a ƙasan shafi ba tare da ya ce a sake me ba, mai farautar lanƙwasa da waƙafi alhali insha'in ba shi da kai balle ƙafa. Rabin mutanen da na lissafa a sama shi ya haife su. Abin da ya farkar da ni shi ne tuna makarantar allo. Can almajiri ya rubuta allonsa, ya kai darasu, malam ya bi shi harafi-harafi ya nuna masa wurin, ya gyara, ya karanta, ya wanke, ya sake. Babu wanda ya taɓa cewa an ci masa mutunci. Yanzu bi da bi nake tafiya da su: mu fara da me kake son faɗa, sannan wane zance ya kamata ya riga wane, sannan jimla, ƙa'idar rubutu a ƙarshe. Kuma takarda sai ta kwana kafin mai ita ya sake dubawa, domin rubutu mai zafi ba ya nuna aibinsa.

A makon jiya Sarkin Gaggawa ya zo na ƙarshe, takardarsa duk soke-soke da kibiyoyi, ba kyan gani. Ya ajiye yana sosa ƙeya. "Malam, ban gama ba, a ƙara mini zuwa gobe." Na ƙara masa. Da na leƙa, kakan nasa ya bar faɗa, ya koma fada.