Yawon La'asar a Barkiya

Idan marka ta ɗauke, Satumba ta kama, gero ya nuna, dawa ta ɗau ciki, babu abin da ya kai zagayen gonakin Barkiya, a ƙaramar hukumar Kurfi, daɗi bayan la'asar. Sai dai wanda ya ce yanzu zai dawo bai san mutanen hanya ba.

Tun a bakin gari Mai Gaisuwa zai cafke ka. Ina wuni, ina gajiya, yaya ruwa? Ka ce ruwa ya yi gyara. Daga nan ya bi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da ba a raɗa wa suna ba, hannunka kuwa na cikin nasa. Da ƙyar ka ƙwace, taku uku sai ka ji ya ƙwala: "Af, ban tambaye ka jikin Gwaggo ba!" Gwaggon da ta warke tun kafin shuka.

Gaba kaɗan ga Malamin Gonar Wasu, hannuwa goye a baya. Ya san wanda ya makara da firi, da wanda ya yi wa masara rowar taki, da wanda ya sayar da buhun yuriyarsa ya kai kuɗin gaisuwa. "Ɗan nan, dubi wannan, ai maimai ne bai samu ba." Kada ka kuskura ka ce ya kai ka tasa. Ƙuduji ya cinye ta, har ya yi fure abinsa, shi kuma zai ce maka ƙasar wajen ce ta gaji. Hadari ma bai bar shi ba: duk wanda ya haɗo daga gabas na bankwana ne, har ranar da Allah ya sa ya dace, sai ya zagaye majalisa yana cewa ai ya faɗa.

Ni dai Mai Ɗanɗano ne gwanina. Ba ɓarawo ba ne, a'a, da sallama yake zuwa. Duk inda hayaƙi ya tashi a gefen gona ya san tumu ake gasawa. "Sannunku da aiki, wucewa nake yi." Sai ya tsuguna. Nan tumu, can gasasshiyar masara, gaba ɗanyar gyaɗa wai zai duba ko ta ƙosa. Da dare ya ce wa uwargida shi yau ba ya sha'awar tuwo, baiwar Allah ta tashi jiƙa masa sabara.

Akwai kuma Alhajin da ya zo daga Abuja, wanda likita ya ce ya riƙa tattaki saboda hawan jini. Farin kambas, da waya mai ƙirga masa taku. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 talaka ya koma tafiyar ƙasa ba don yana so ba, saboda haka ba mai gane mutumin da ya ajiye mota a ƙofar gida ya fito yana haɗa gumi. Ɗan acaɓa ba ya wuce shi: "Ranka ya daɗe, lafiya? Mai ne ya ƙare? Hau in kai ka."

Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma kuwa hoton zangarniya yake ɗauka yana kiran tafasa da sunanta na littafi. Tsohuwar da ke tsinkar tafasar ta ɗago ta kalle shi. "Kai ɗan gidan wa ne?" Yana faɗi ta jero masa dangi har kakan kaka, ta kuma tuna masa jakin mijinta da kakansa ya ara.

Na ƙarshe ya fi kowa fara'a, kuma shi ne ba ya kallon fuskarka, gonarka yake kallo. Shi ya ba da rancen hatsi cikin marka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa tiya ta yi tsada, a biya shi da kaka sa'ad da farashi ya karye. Yana tafe yana ƙirga damman da ba a ɗaure ba tukuna.

"Malam, iska kawai na fito sha," in ji shi. "Wai yaushe ne za ku fara girbi?"