Mu da Konkur a New Bell

Mu nan New Bell ta Duwala, da yaro ya faɗi konkur, jarrabawar gasa ta shiga manyan makarantu, sau ɗaya mun gama magana. Kafin sati ya zagayo an sama masa kujera a shagon kawunsa a Babbar Kasuwa, ko an ɗora shi kan babur yana bensikin, wato acaɓa. In ka tambaya, a ce maka ba rabonsa ba ne. In mace ce kuwa, sakamako bai ma fito ba an fara zancen kayan ɗaki.

Abin yana ci mini rai, domin yaron nan ba daga sama ya faɗo ƙofar konkur ba. Ya ci jarrabawar shiga lise, wato sakandare, ya ci BEPC, ya tsallake forobatuwar, wadda in ba ka ci ta ba ko ajin ƙarshe ba za ka leƙa ba, sannan ya ci bak, ta kammala lise. Duk wannan ya yi shi cikin gidan haya, ga safiyar allo, ga damina da ke shigo mana da ruwa har ɗaka. Sai ranar da ya zauna da zaƙaƙuran ƙasar nan baki ɗaya, dubbai suna neman kujeru kaɗan a Politeknik ta Yawunde, ko ENSET da ESSEC nan Duwala, ko karatun likita da aka mayar jarrabawa ɗaya ta ƙasa tun 2013, a ce daga rana ɗaya an gane iyakar kansa?

Na san abin da ake faɗa a majalisa bayan la'asar. "Malam, bar wahalar da yaro. Waɗannan wurare sai mai uwa a gindin murhu." Ban ce zargin ba shi da tushe ba. Kowa ya tuna 2020, lokacin da takardun bak suka bi WhatsApp, abin da yara ke kira ruwa, har hukuma ta sa aka sake rubuta wasu darussan kimiyya. Yaran da ba su ga ko layi ɗaya ba su ma sai da suka koma suka zauna. Amma sun koma ɗin, kuma da yawa sun ci. Mu ne manya muke saurin naɗe tabarma, tun yaran ba su ce sun gaji ba.

Ku dubi maƙwabtanmu Bamileke, da muke shan ruwan famfo ɗaya. Ɗansu ya faɗi, washegari an kai shi Jami'ar Duwala, an biya sefa 50,000 na shekara, ya fara lissafi ko ilimin halittu don kada ƙwaƙwalwa ta yi sanyi. Da hutu ya zo a sa shi ajin share fage, ya yi ta tisa tambayoyin shekarun baya. Kuɗin daga adashi suke fitowa. Mu ma muna da adashi, babu gidan da ba a zubi. Namu dai ya fi sanin hanyar biki da anko.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ciwon da ba mu cika faɗa ba. Yara nawa ne aka mayar musu da fayil tun ba su ga ɗakin jarrabawa ba? A takardar haihuwa Oumarou, a ta bak Umaru, a katin uba wani rubutun dabam. Wani ma ba a yi masa takardar haihuwar ba sai da zai zauna jarrabawar firamare. Ga takardar shaidar ɗan ƙasa, ga ta kotu, ga tambur a kan kowane kwafi, ga layin ofishin sufurefe. Uban da ke tsare da shago ba ya iya rufewa ya bi wannan, sai a bar yaro shi kaɗai.

Kuma a makarantun da ke kai mutum aikin gwamnati, irin ENAM, ana raba kujeru ne bisa jihohi: Arewa Mai Nisa 18 cikin 100, Litoral 12, Adamawa 5. Jihar da ake dubawa ta asalin iyaye ce, ba inda aka binne cibiyarka ba. To yaron da aka haifa a Unguwar Hausawa, ubansa ma nan, kakansa ya gangaro da fatauci ta Banyo ko Tibati ko Ngaundare, ɗan ina ne? Wannan tambaya ya kamata a zauna da dattawan gida a warware ta tun yaro yana lise, a ga abin da takardun uba suka ce, kada ranar rufe rajista ta zo ana rige-rige.

Ba cewa nake a yi ta zama har abada ba. Konkur yana da iyakar shekaru, kuma akwai yaron da in ka dube shi ka san kasuwa ce ta kira shi, ba zai taɓe ba. Wasu gidajen kan tura nasu Kano ko Zariya wurin dangi su rubuta JAMB, sai dai wanda ya tashi da Faransanci sai ya ba Turanci lokacinsa, kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne. Abin da nake roƙo shi ne a tambayi yaron. Ya faɗi ne da tazara ko da ƙyar aka fi shi? Wane darasi ya kayar da shi? Yana da zuciyar komawa?

Ranar nan wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai ta tare mijinta a zaure kan 'yarsu da ta faɗi ta likita. Ta ce, "Alhaji, ka ba ta baɗi. Kuɗin rajista daga kwasata ta adashi, kai ka ji da na mota." Ya yi shiru, ya ce zai yi shawara da Yaya. Matan unguwar nan kuwa, in ciwo ya kama su, likita mace suke fara tambaya a asibiti, wadda za su gaya wa damuwarsu da Hausa. Yarinyar dai ta riga ta aro takardun tambayoyin bara, muna jiran abin da Yaya zai ce.