Jijiya ta Ɗaya

Wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Bayero ya dawo hutu Gude da haddar jijiyoyi fal a ka: tagwaye 12 daga ƙwaƙwalwa, 31 daga laka. Kakarsa ta ɗora wake, ta bar masa tsaro, ta shiga maƙwabta barka.

Yana gaban murhu yana bitar jijiya ta ɗaya, mai kai saƙon ƙamshi daga hanci, wake ya kama. Sai ga tsohuwa a guje, ta jiyo ƙauri daga gida na uku.

"Maigidan, taka jijiyar a Kano ka baro ta?"

Ya ce ai hanci kan saba da wari cikin 'yan mintuna. Gaskiya ne kuwa, haka yake a littafi. Ta miƙa masa tukunyar ya kankare.